Shuɗin da Ya Ɓuya wa Baba Ɗigo

Shekara ashirin da bakwai Baba Ɗigo ya yi yana haɗa launi a wata ƙaramar masana'antar fenti da ke bayan tashar mota. Ɗakinsa ne na ƙarshe idan ka bi dogon baranda, mai babbar taga da ke kallon arewa. Shi ya roƙi a fasa masa tagar tun gashinsa yana baƙi, domin a cewarsa hasken arewa ba ya son zuciya, yadda ya nuna maka abu da hantsi haka zai nuna maka shi da la'asar. A ƙarƙashin tagar akwai teburin ƙarfe da sikeli, da jerin gwangwanaye goma sha shida na ruwan launi, kowanne da cokalinsa a rataye.

Mutum zai zo da ɓallin bango ƙulle a hankici, ko murfin tukunya, ko guntun labule, ya ce irin wannan yake so. Baba ya ɗaga abin a taga, ya yi shiru kamar mai sauraron magana daga nesa, sannan ya buɗe farin fenti ya fara ɗiga launi. Ya juya, ya shafa a kwali, ya busar da na'urar busar da gashi da 'yarsa ta gaji da ita, ya kara kwalin da abin da aka kawo. Mai kaya ya ce, "Ya yi, Baba." Shi kuwa ya girgiza kai ya ce, "Saura ɗigo." Daga nan sunan ya fito, ya bi shi har gida, har jikokinsa ma ba su san yana da wani ba.

Da wankin durom ya fara a wurin, ya yi ɗaurin kaya, ya yi jiran inji, kafin wani tsohon mai haɗi ya lura cewa mutumin nan yana ganin abin da saura ba sa gani. Bai taɓa rubuta komai ba. Koren da wani mai otal yake saye duk bayan shekara biyu, da ruwan tokan ƙofofin wata makaranta, duk a kansa suke zaune kamar sunayen 'ya'yansa. Da wannan idon ya aurar da 'ya'ya mata biyu, ya kai namiji ɗaya har ƙarshen karatu, ya sa rufin kwano a gidan da ya tarar da langa-langa.

Abin ya fara ne wata safiya da ɗan ƙwaro ya faɗa masa a ido. Ya rufe na dama yana murzawa, ya dubi bango da na hagu, ya gan shi fari sol. Da ya buɗe na dama ya rufe na hagu, sai bangon ya koma kalar tsohuwar takarda. Ya yi ta rufe wannan yana buɗe wancan har shayinsa ya huce. Bango ɗaya, ido biyu, kowanne da labarinsa. A cikin watannin da suka biyo baya na hagun ma ya bi ɗan'uwansa a hankali, duniya ta ɗan yi rawaya-rawaya kamar ana kallonta ta cikin ruwan shayi.

Ja bai gudu ba, rawaya ma tana nan. Shuɗi ne ya ɓuya. Duk shuɗin da ya haɗa sai ya gan shi a mace, ya ƙara ɗigo, ya sake ƙarawa, alhali tun ɗigon farko abin ya isa. Sau biyu aka dawo da kaya, na barandar wani asibiti da na tagogin wani gida. Sabuwar shugabar sashe, wadda ma'aikata suke kira Mai Jan Biro a bayan idonta, ta zargi durom ɗin ruwan shuɗin da aka kawo, ta mayar da shi ga masu shi da wasiƙa mai zafi. Baba yana tsaye aka ɗora durom ɗin a mota, bai hana ba. Ranar bai iya cin abincin rana ba.

Sai ya ƙirƙiro dabara. Idan aikin shuɗi ya zo, yakan ɗauki kwalinsa da samfurin ya nufi sito kamar mai neman tsumma, ya ajiye su a kan kanta gefe da gefe. Dogo mai sito, abokin tsokanarsa na shekara ashirin, mutum ne da ba ya iya ganin abu bai yi magana ba.

"Wannan ai ya fi wancan zafi, tsoho."

"Gwada ka nake yi, in ga ko tsawon nan naka ya bar wa idonka wani abu."

"Ka dai ji da gajartarka. Ka rage shi."

Baba ya koma ya rage. Haka ya ci wata bakwai da idon aro, mai idon bai sani ba.

Ana nan sai wasiƙa ta zo. Kamfani ya sayi na'urar auna launi, ƴar ƙarama kamar tocila, wadda za a ɗora a kan abu ta karanto launinsa da lambobi. Za a tura mutum ɗaya kwas na mako biyu wurin masu ƙera ta, kuma Baba aka zaɓa. Ya karanta wasiƙar a tsaye, ya zo shafi na biyu ya nemi wuri ya zauna. An rubuta cewa a safiyar farko za a gwada idon kowa: za a zube masa ƙananan murafu masu launi kusa da juna ya jera su bi da bi, sannan a aiko wa wurin aikinsa da sakamako. Saura kwana goma. A ƙasa kuma an ce kafin tafiya ma'aikaci zai zauna da shugabansa su rubuta buri uku, wato abubuwa uku da yake so ya koyo.

Ya yi lissafinsa a zuci. Mai haɗa launi da ba ya ganin launi, wa zai riƙe shi? Shekara huɗu suka rage masa ya ajiye aiki da mutuncinsa. Ya yanke shawarar zai cika takardar, a sa hannu, ana gobe tafiya ya ce bayansa ya riƙe.

Cika takarda kuwa ba abin wahala ba ne a wannan masana'anta, domin akwai Kaka. Kaka wata tsohuwar takardar buri ce da wani shugaban leburori mai iya tsara magana ya cika tun da daɗewa. Tana cikin gwangwanin biskit a sito, maiƙon hannuwa ya mayar da ita kamar fata. Duk wanda za a tura kwas sai ya je ya gaishe da Kaka, ya kwafe ta kalma da kalma. Tsohon manaja ba ya karantawa, hannu kawai yake sawa.

Dogo ya ciro ta da hannu biyu. "Ka riƙe ta da ladabi, ta girme ka a aiki."

"Ƙarya kake, a gabana aka haife ta."

Baba ya zauna a kan buhu ya kwafe da kyakkyawan rubutunsa. Na ɗaya, in ƙara ƙwarewa a fannin aikina domin ci gaban kamfani. Na biyu, in koyi haɗa kai da abokan aiki. Na uku, in san yadda ake kula da injin niƙa mai lamba huɗu.

Ranar Talata da hantsi ya hau bene zuwa ofishin shugabar sashe. Ɗaki ne matsattse, fanka tana juyawa tana ɗaga kusurwar takardu, an danne su da gwangwanin fenti da ba komai a ciki. Shugabar ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba. Ta miƙe ta ja masa kujera, ba gaban teburin ba, gefenta.

"Sannu da zuwa, Baba. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, ranki ya daɗe. Ga takardar, na rage miki aiki. Hannu kawai za ki sa."

Ta karɓa ta karanta har ƙasa. Sannan ta jawo aljihun tebur, ta fito da wasu takardu ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shanya.

"Baba, ina injin niƙa mai lamba huɗu yake?"

Sai a lokacin ya tuna. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka sayar da injin ga masu gwangwan. A inda yake a da, yanzu babura ake ajiyewa.

"Wannan ta direba ce," ta ce, tana nuna takardun da biro. "Wannan ta mai gadi, da aka tura shi koyon kashe gobara. Wannan ta mai shara. Mutum tara a gidan nan suna mafarkin kula da injin da babu shi. Na so in ga injin nan, ko don in gaishe shi."

Dariya ta kufce wa Baba ba shiri, ita ma ta yi. Ta ajiye jan biron, ta ɗauko fensir da sabuwar takarda.

"Mu yi tamu. Sharaɗina ɗaya ne. Duk abin da za mu rubuta, ya zama abin da in ka dawo zan iya saukowa ɗakinka in tsaya in ga kana yi da hannunka. Ƙara ƙwarewa ba na iya ganinsa. To, mene ne yau ba ka iya yi, wanda kake so bayan mako biyu ka iya?"

"A shekaruna, ranki ya daɗe, me ya rage?"

"Ban sani ba, shi ya sa nake tambaya. Wane aiki ne in ya shigo kake jin da ma wani aka kai wa?"

Fanka ta yi ta juyawa. A ƙasa ana jin ƙarar durom da ake mirginawa. Baba ya dubi hannuwansa, launukan shekaru sun zauna a gefen faratansa, ba sabulun da ya taɓa fitar da su. Ya zo da ƙaryar ciwon baya a shirye, amma yarinyar nan ta ja masa kujera gefenta, ta riƙe fensir tana jira, ba ta ko duba agogo. Ya ji ƙaryar ta yi masa nauyi a baki.

"Shuɗi," ya ce.

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Ba na ganinsa daidai. Ya fi shekara. Idona ya yi yana, ina jin. Durom ɗin nan da kika mayar, lafiyarsa ƙalau. Ni ne."

Ta ajiye fensirin. Fuskarta ta canja, ya ga ɓacin rai ya hau ta, bai kuwa ga laifinta ba. Ta tashi ta je taga ta tsaya, ta ba shi baya.

"Na rubuta wa mutanen nan maganar da ba ta da daɗi, Baba. Na ce kayansu gurɓatacce ne. Kana tsaye."

"Ina tsaye."

"Yanzu sai in sake rubutawa in ce ni ce ban bincika ba."

"Ki ce ni ne."

"Ni na sa hannu, ni zan janye." Ta juyo. "Wata bakwai ba a dawo da kaya ba. Ta yaya?"

Ya gaya mata labarin kantar Dogo. Ta rufe baki da bayan hannu, bai gane ko dariya take dannewa ko wani abu ba. Ta dawo ta zauna.

"Ka je asibiti?"

"In na je za su rubuta. In sun rubuta za a sani."

"To ga shi an sani, rufin bai faɗo ba." Ta ɗauki fensirin. "Yana a ido ba burin kwas ba ce, wannan aikin likita ne, kuma ranar Alhamis za ka je, na ba ka ranar. Kawuna an cire masa, yanzu shi ke zura wa matarsa zare a allura. Amma ka ba ni burin farko da bakinka. Faɗi yadda za mu rubuta."

Ya daɗe yana juya maganar. "In iya haɗa shuɗi da na'urar, ya fito daidai, ko da idona bai yarda ba."

"Sau nawa? In na sauko da samfuri goma?"

"Goma."

"Kada ka cika baki, mako biyu ne. Mu ce tara." Ta rubuta, ta karanta masa, ya gyaɗa kai.

Shi dai har yanzu jira yake ya ji inda maganar za ta karye. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ki faɗa mini gaskiya. In na'urar ta iya, me za a yi da ni?"

"Na'urar ta san koren mai otal?"

"Ina fa za ta san shi."

"Ta san cewa in an shafa fenti a bangon da bai gama bushewa ba yana dawowa da wata fuska?"

"Wannan sai wanda ya sha zagi a kansa."

"To ka gani. Da aka ce in zaɓi mutum ɗaya, akwai masu saurin danna waya fiye da kai. Amma su duk lambar da ta fito za su zuba. Ina son wanda in lamba ta yi shirme zai ji a jikinsa. Kuma abin da ke hana ni sakewa shi ne, duk launukan gidan nan suna cikin kai ɗaya, kan kuma yana hawa motar haya kullum." Ta buga fensirin a takarda. "Launi nawa ka riƙe?"

Ya lumshe ido yana motsa leɓe. "Na masu dawowa, arba'in da ɗaya. Da biyu, in an haɗa da na matar nan mai canja ra'ayi."

"Buri na biyu ke nan. Ka koyo yadda ake mayar da su lambobi a ajiye a na'ura. Ba duka a mako biyu ba. Ka koyo hanyar, ka yi biyar a gabana, sauran mu ba su wata uku."

Ta rubuta. Sai a lokacin Baba ya jingina da kujera.

"Na uku naka ne," ta ce. "Ba zan sa maka baki ba."

Baba ya dubi hoton na'urar da ke jikin wasiƙa. Ƴar aba mai ido ɗaya, an ɗauke ta hoto tana sheƙi.

"Akwai abin da ke damuna da ita," ya ce a hankali. "Idona ya yi mini ƙarya wata da watanni, ban sani ba, don shi ne mai ba ni labari kuma shi ne shaida. Ba don ƙwaro ya faɗa mini a ido ba, da har yau ina rantsuwa da shi. To ita wannan, ranar da nata idon ya fara yana, wa zai gaya mana? Kowa zai ce ai na'ura ce ta faɗa."

Shugabar ta tsaya da rubutu ta dube shi sosai.

"Ban san amsar ba," ta ce. "Na karanta littafinta sau biyu, ban yi wannan tambayar ba. Faɗe shi yadda zan iya gani."

"In san yadda ake gane ta fara kuskure, da yadda ake dawo da ita hanya. In na dawo in nuna miki, in nuna wa wani, kada ya zama ni kaɗai na sani."

Ta rubuta shi kamar yadda ya faɗa, ba ta gyara ko kalma ba. Sannan ta ƙara layi biyu a ƙasa ta karanta masa. Za ta sanar da masu kwas tun yanzu cewa idonsa yana jiran likita, don gwajin safiyar farko ya zama awo kawai, ba hukunci ba. Kuma daga yau har ya dawo, duk aikin shuɗi ba zai fita ba sai mutum biyu sun duba sun sa hannu.

Wannan na biyun ya sosa shi. Shekara ashirin da bakwai ba a taɓa duba bayan aikinsa ba. Amma ya ce, "Daidai ne."

"Dogo zai zama na biyun, tunda ya daɗe yana yi ba da saninsa ba. Kai za ka gaya masa ko ni?"

"Bari ni in gaya masa. In ke kika faɗa, sai ya sa a buga masa hula mai tambari."

Suka sa hannu, ita da jan bironta, shi da nasa. Ta ba shi kwafi ɗaya. Yana bakin ƙofa ta ce, "Baba, ka sayi littafin rubutu mai tauri. Masu koyarwar nan suna da sauri, kada ka ji kunyar cewa a maimaita."

Dogo ya saurari labarin baki buɗe, ya zauna a kan buhu, ya tashi, ya sake zama. "Wato wata bakwai ina yi maka aiki kana ce mini gwaji ne."

"Ka kuwa ci gwajin."

"Tsoho, da ka faɗa mini ai da na rufa maka."

"Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba."

Dogo ya kawar da kai yana gyara gwangwanayen da ba su karkace ba. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, in ranar Alhamis ana buƙatar mai riƙe hannu, shi ba ya da aikin kirki da safe.

Da aka tashi, Baba ya shiga motar haya ya sami wuri kusa da taga. Takardar tana aljihun gaba, yana jin kusurwarta a ƙirjinsa. Rana ta yi sanyi, masu shaguna suna yayyafa ruwa a bakin ƙofofinsu, wata mata tana ja wa ɗanta kunne a gaban mai gyaran takalma. Ya jingina kai da gilashi don ya ɗan huta idonsa. Bai farka ba sai da direba ya taɓa kafaɗarsa a tashar ƙarshe, ya wuce unguwarsu da nisa.

Ya sauka ya kamo hanya da ƙafa, bai ji haushi ba. A wani kanti ya tsaya ya sayi littafi mai bango mai tauri da fensir biyu. Matarsa tana tsakar gida tana kwashe shanya lokacin da ya yi sallama.

"Yau kuma ina aka tsaya? Na ɗauka kwas ɗin aka fara ba sallama."

"Barci na yi a mota."

"Kai? Mutumin da ko a gado sai an yi da gaske?" Ta sauke kwandon, ta zo kusa tana duban fuskarsa. "Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ajiye kayan nan ki zauna, akwai maganar da ya kamata ki riga kowa ji, na bari har kika zama ta uku."

Ta jawo kujera ƴar tsugunno, ta zauna da zanin gado a cinyarta ba ta ninke ba, shi kuma ya cire takalmansa ya fara daga ranar da ƙwaro ya faɗa masa a ido.